Hawan da Ba a Yi wa Shela Ba

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, mu uku a motar a-kori-kura: direba, injiniyan da ke jagorantar aikin, da ni mai fenti. Sana'ata ke nan, hawa dogon ƙarfen sabis ɗin waya in shafe shi da ja da fari. Na daɗe a cikinta har na daina jin cewa akwai abin tsoro a sama. Wannan tafiyar ce ta gyara min zama.

Damina ta kankama, hanyar Dambatta zuwa Kazaure shar da gero da dawa. A Kazaure muka tsaya karin kumallo, koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har direba ya tambayi mai tuya ko da cokalin shayi take zubawa, ta ce ya je ya tambayi masu wake. Muka shiga Daura da hantsi, garin cike da babura da motocin dabbobi. Na so mu leƙa rijiyar Kusugu ko da ruwan ne in kurɓa, injiniya ya ce ba yawon buɗe ido muka zo ba. Muka kama hanyar Dutsi, can gaba muka sauka daga kwalta muka bi wata burji da ruwa ya zaizaye, muna tafe muna rawa a kujera har muka hango ƙarfen yana leƙo kan itatuwa.

Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don mutanensa ba su yi min laifin komai ba. Ƙarfen yana bakin gari ne, gidaje a yammacinsa, gonaki a gabas. Tun lokacin da za a kafa shi, ƙaramar hukuma da dagaci suka gindaya sharuɗɗa a rubuce, kuma takardar tana cikin motarmu. A hanya injiniya ya karanto min abin da ya shafe ni: fenti ja da fari, jar fitila a ƙololuwa, katangar bulo a kewaye, sannan a lulluɓe kowane dandamalin hutawa da kwano ta ɓangaren da ke kallon gari. Kwanon iska ta ɗebe shi tun bara, mayar da shi yana cikin aikinmu. Akwai sharaɗi na ƙarshe a bayan takardar, wanda bai juya ya karanta ba: kada kowa ya hau sai mai shela ya zaga gari ya sanar.

Mun tarar maigadi ya tafi gona, makulli dai yana hannunmu. Direba ya je gidan dagaci ya dawo ya ce dagacin ya tafi ta'aziyya Daura, sai la'asar. Injiniya ya dubi gabas, inda hadari ya fara haɗowa can nesa, ya ce in hau in fara kafin ruwa ya zo. Ban yi musu ba, kuma wannan ne ya fi ci min rai. A gidan da na tashi, ko jinka za a hau gyara sai an aika maƙwabta a ce za a hau sama, mata su kimtsa. Na san haka tun ina yawo ba wando. Amma ƙarfe ban taɓa ɗaukarsa a matsayin jinka ba.

Na ɗaura igiyar tsaro, na maƙala bokitin fenti, na kama hawa. Har na kai dandamali na biyu idona yana kan matakala. A nan na juya don in jawo bokitin, sai ga garin gaba ɗaya a buɗe a ƙarƙashina kamar faifai. Kowane tsakar gida, kowane turmi, kowane makewayi na zana da ba shi da rufi. Lokacin kuwa maza duk suna gona, mata sun saki jiki. A gidan da ya fi kusa, wata mata tana tsugune a makewayi da bokitin wanka. Ta ɗago kai. Na runtse ido na juya baya, amma ihunta ya riga ya tashi.

Ihun ya bi gida gida. Ina jin ƙarar kwanuka suna faɗuwa, ƙofofi suna bugawa. Da na buɗe ido ina fuskantar gonaki, sai na ga abin da har yanzu in na tuna shi tsigar jikina take tashi: maza sun bar kunyoyin gona suna gudu zuwa gari, kowa da fartanyarsa a hannu. Na rungume ƙarfen, na rantse a raina ko me za a yi ba zan sake waiwayawa yamma ba.

Dutsen farko ƙarfe ya samu, ya yi ƙara har cikin haƙorana. Da majajjawar korar tsuntsaye suke jifa, kuma mutanen nan sun iya saiti. Na biyu ya same ni a kafaɗa, na uku a tsakiyar baya. Ina jin hayaniyarsu a bakin katanga, wani yana cewa a fasa ƙofa, wani yana cewa a bar shi, ai zai sauko. Wayata ta yi ƙara, sabis kuwa cike taf, abin da ban taɓa jin haushinsa ba sai ranar. Injiniya ne, sun kulle kansu a cikin katangar shi da direba. Ya ce, "Don Allah kada ka sauko yanzu."

Ban san tsawon lokacin da na yi a maƙale ba. Hannuwana suka sandare. Iska ta taso daga gabas mai sanyi da ƙamshin ƙasa, ƙarfen ya fara lilo a hankali. Duk wanda ya yi aikinmu ya san ba a gardama da tsawa a kan ƙarfe. Hadarin da yake can nesa ya zo ya tsaya a kaina baƙi ƙirin. Aka yi walƙiya, aka saki wata tsawa da na ji ta a tafin ƙafata. Waya ta sake ƙara, injiniya ne kuma. "Sauko! Sauko!" Gaba kura, baya sayaki. Na yi kalmar shahada, na tuna 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, na zaɓi mutane, don su ana iya roƙonsu.

Da baya na sauko, fuskata a gabas har ƙasa. Na zauna daɓas a gindin ƙarfen. An riga an ɓalle ƙofar. Abin da ya tsaya tsakanina da taron shi ne wani dattijo siriri da ya ware hannuwa a bakin ƙofa, limamin garin. A bayansa akwai wani dogon mutum da laka har gwiwa, fartanya a hannu, idanunsa jajur. Ba sai an gaya min gidan wa na gani ba.

Liman ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce, "Bawan Allah, tsakaninka da Ubangijinka, me ka gani?"

Ƙarya ta zo min har bakin harshe. Amma mutumin da tsawa ta sauko da shi ba ya rantsuwar ƙarya. Na ce, "Allah gafarta Malam, na gani sau ɗaya, ban yi niyya ba. Na kau da kai, ban ƙara ba."

Taron ya yunƙuro. Wani ya ce, "Ƙarya yake, tun ɗazu yana sama yana ƙare wa gari kallo!" Na ga fartanyar ta ɗaga, na sa hannu na rufe kaina. Ruwa ya fara sauka manya manyan ɗigo.

Sai wata tsohuwa ta ratso maza, ta yafa buhu a ka saboda ruwa, tana dogara sanda. Mahaifiyar dogon mutumin ce. Ta ce, "Kai, sauke abin nan. Ina tsakar gida tun yaron nan yana hawa, idona a kansa. Sau ɗaya ya juyo. Kuna ta jifansa bai waiwayo ba ko don ya kare kansa. In ba ku yarda da ni ba, ku ɗaga rigarsa."

Liman da kansa ya ɗaga. Duk inda dutse ya taɓa ni a baya ne da bayan kafaɗa, gabana ko ƙwarzane babu. Aka yi ta leƙe ana ja da baya. Dogon mutumin ya dube ni, ruwa yana bin fuskarsa, sannan ya saki fartanyar ta faɗi. Ya ce, "Kai gobe za ka tafi garinku. Ita a nan za ta zauna, kowa ya ji ihunta." Ya juya ya tafi. Duwatsun ba su yi min ciwon da maganar nan ta yi ba.

Da la'asar dagaci ya dawo. Bai ɗaga murya ba. Ya karɓi takardar daga hannun injiniya, ya juya bayanta, ya miƙa masa ya ce ya karanta da ƙarfi kowa ya ji. Injiniya ya karanta yana in'ina. Dagaci ya ce mu gyara ƙofar da aka ɓalle, mu je mu ba mai gidan haƙuri a zaurensa, gobe a yi shela, kuma kwano za mu fara kafawa kafin a buɗe gwangwanin fenti. A zauren dagaci muka sauka, aka kawo mana tuwon gero miyar kuka da man shanu, aka kawo min ruwan zafi na gasa bayana. Direba ya cinye nasa ya haɗa da rabin nawa, ya ce tsoro yunwa yake sa shi.

Washegari da safe mai shela ya zaga da gangarsa yana cewa, "Ana gaishe ku! Za a hau ƙarfe daga yanzu har azahar, matan gida a kimtsa!" Abin bai ɗauke shi lokacin shan kofin shayi ba. Na hau, na kafa kwanon nan ta yamma, na sa masa ƙusoshi fiye da yadda ake bukata. Kwana biyu muka yi, kullum da shelarta, sannan muka kamo hanyar gida.

Na iso gida bayan la'asar, na zauna a tabarma a tsakar gida ina ba maiɗakina labari, tana shafa min man zafi. Ina cikin magana na ɗaga kai. Bayan katangarmu, tsallaken layi, ga ƙarfen sabis ɗin unguwarmu a tsaye, wanda ni da hannuna na yi masa fenti har sau biyu. Dandamalinsa ba kwano, yana kallon makewayinmu kai tsaye, shi ma kuwa ba rufi.

Ta bi idona da kallo, ta ci gaba da shafa man. Ta ce, "Sai yau ka gani? Ai duk ranar da abokan aikinka suka hau, ba na wanka sai sun sauka. Ni da matan layin nan duka, mu muke aika wa juna."

Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa gaya min ba. Ta ce, "Da shi muke cin abinci, me zan ce?"

Abin da na koyo a tafiyar nan ke nan, jama'a. Na yi shekaru ina ɗaukar ƙa'idojin da ake rubuta mana a kan ƙarfe a matsayin fitinar hukuma, ashe akwai waɗanda suke zaune a ƙasa suna jiran mu sauka. Kafin magariba na sayo kwano na rufe makewayin. Da safe kuma, kafin in fita aiki, na nufi gidan mai unguwa da maganar shela da kwano.