Takardun Ƙanena a Gwangwanin Daddawa

Ƙanena yana kurkuku lokacin da yatsan ƙafarsa ya ruɓe. Yana da ciwon suga. Ya yi ta cike takardar neman ganin likita, kamfanin da ke duba lafiyar fursunoni yana sallamarsa da maganin ciwon kai, har aka yanke yatsan. Kowace takarda, in an maido masa da ita da hatimi da amsar nas, yakan aiko mini. Da ya ce zai kai su ƙara, wata lauya a titin Elm Street, a nan ƙasar waje da muke zaune, ta ce in kawo takardun duka, don in babu su babu shari'a.

Na baje su a tebur, kunya ta kama ni. Duk sun yamutse, ga maiƙo, ga rubutu kamar tonon kaza. Ga kuma bakin yaron nan. A wata takardar ya rubuta wa nas, "Ko akuya ta fi ki tausayi." Wane alƙali zai karanta wannan ya ce daga gidan kirki muka fito?

Sai na sayi sabon littafi, na kwafe su tsaf. Akuyar na mayar da ita "don Allah, in kin sami sarari."

Da na kai littafin, lauyar ta karanta shafi biyu, ta cire tabarau.

"Wannan mutumin kamar ba abin da ke damunsa. Ina na asalin, masu hatimi da amsar nas?"

Matar fastonmu, wadda ta rako ni don Turancina ba ya nisa, ta dafa ni. "Anti, kar ki ce mini kin zubar."

Na so zubarwa kam. Amma a ƙasan kowace takarda ya rubuta "Allah na gani", ni kuwa ban taɓa jefa sunan Allah a shara ba. Na naɗe su a tsohon gwangwanin daddawa, na tura bayan buhun shinkafa.

Na hau bas na koma gida na ɗauko. Da aka buɗe murfin, sakataren ofishin ya tashi ya buɗe taga. Lauyar ta toshe hanci tana karantawa, har ta kai ga amsar da nas ta rubuta da hannunta kan ruɓewar yatsan: "Sai ya yawaita shan ruwa." Ta buga tebur, ta ce wannan take nema.

Na roƙe ta a rufe layin akuya. Ta ce ba a taɓa komai.

Da ƙanena ya kira, na ce, "Kai, akuyarka za ta je gaban alƙali."

Ya ce, "Yaya, ai akwai ta jaki ma. Ba ki kai can ba?"

Na kai. Ita na mayar "na gode" a sabon littafin.