Tumatir ɗin Malam Titus

Ina cikin takabar mijina Bamanga guga ya tsinke mini a rijiya. Malam Titus, ɗan hayarmu na ɗakin zaure, shi ya kwance igiyar shanyarsa ya ɗaura mini, bai ce komai ba sai "Sannu, Goggo." Mutumin Kaltungo ne, Kirista, yana koyarwa a firamare nan Jekadafari, ba shi da mata.

Shekarun da kuɗin fetur suka shigo gari ne, kowa na gini. Maƙwabcinmu Alhaji Bubayero ya fara ɗora bene dab da tagar malamin, kullum bango yana ƙara tsawo.

A lokacin ya ari tsohuwar ƙwaryata mai tsagu. Na miƙa masa sabuwa, ya ce a'a, waccan. Ya ajiye ta kan tebur gindin taga, da tumatir da albasa a gefe, ya karkata ludayi a bakinta. Da hantsi sai ya zauna yana shafa fenti a jikin allo. Na leƙa na ga dabbare-dabbare kawai, kamar kaza ta taka lalle.

"Koma bakin ƙofa, Goggo," ya ce.

Na koma. Ikon Allah, sai ga ƙwaryata, har da tsagun. Na matso, ta watse. Inuwarta kuwa shuɗiya ya yi ta.

"Malam, inuwa ai baƙa ce."

"Duba dai."

Na duba ta gaskiyar a kan tebur. Ba baƙa ba ce, amma ban yarda shuɗiya ce ba. Ya ce ba ƙwaryar yake zanawa ba, hasken da ke sauka a kanta ne, kuma in bangon Alhaji ya kai taga shi ke nan. To in haske ake so, me ya sa ba a fita tsakar gida ba? Ban tambaya ba.

Kwanaki suka wuce, tumatir ya fara yamushewa. Na ce a raina, bawan Allahn nan kunyar roƙo yake, ba mai dafa masa. Da ya tafi makaranta na kwashe, na wanke ƙwaryar tas, na yi masa miya da tuwo.

Ya dawo ya tsaya yana kallon teburin, sannan ya leƙa maginan, saura kaɗan su kai taga. A allon kuwa gurbin tumatir fari ne, bai taɓa shi ba tukuna. Ya zauna ya cinye tuwon, ya ce miya ta yi daɗi. Ni dai na rasa ko alheri na yi ko ɓarna.

Da ya wanke hannu ya ce, "Goggo, ara mini naki tumatir ɗin gobe da hantsi. Kuma don Allah, ko kin ga ya ruɓe, kada ki tausaya mini sai bangon nan ya rufe taga."