Kafin Ki Faɗi, Mi Kika Ji?

Jiya wata yarinya ta suma a Babbar Kasuwa, ana ta cewa aljanu ne. Tun lokacin na kasa zaune na kasa tsaye, Gwaggona kawai nake gani, tsohuwar nas mai ƙanshin man zafi a hannu.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, saurayina, wani kofur, ya zo zaurenmu a Kambarawa ya ce an mayar da su bariki can Kudu. Na shiga gida ina haki, zuciyata kamar za ta fasa ƙirji, na zube gaban yayarsa da ta shigo gaisuwa. Da na farfaɗo na ji tana cewa, "Farfaɗiya gare ta? Ai sai a faɗa mana tun wuri."

Gwaggo ta duba harshena, ta shafa zanena, ta riƙe wuyan hannuna.

"Ba ta ciji harshe ba, ba ta jiƙe ba, kuma nan take ta gane mu. Ke 'yar nan, kafin ki faɗi, mi kika ji?"

"Kamar kiyashi na yawo a leɓena, yatsuna suka ƙandare."

"Haki ne ya yi yawa. Hajiya, ƙanenki ne ciwon nata. Gobe dai likita zai auna zuciyar." Ta ɗora tafina a ƙirjinta. "Ja numfashi a hankali, bi nawa."

Na bi. Daga baya, yayar nan ce ta kawo lefena da kanta.

Gwaggo, Allah ya yalwata makwancinki, ya shaƙar da ke iskar Aljanna a natse.