Kogin da Baba ya gani a Maitama

Ana idar da sallar asuba muka bar Lugbe, ni da Baba, wai mu riga cunkoson hanyar filin jirgi. Ashe kowa da dabarar ya kwana. Direban tasi ya cusa mu huɗu a baya, ya ce kuɗin mota ya ƙaru. Baba ya ce komai na garin nan ƙaruwa yake, ban da wurin zama.

Maitama muka nufa. Shekara biyu ke nan da ƙanwata ta ajiye aikin ofis ta kama zane, kuma tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa ta da Baba. An sa aikinta a wani baje kolin zane-zane, na yi sati ina lallashinsa kafin ya yarda ya leƙa.

Sammakon ya yi yawa, ba a buɗe ba. Maigadin, wani mutumin Filato, ya ba mu benci. "Oga, ku zauna, madam bai zo ba tukuna." Unguwar tsit, sai masu ban ruwan furanni da direbobi suna goge motoci. Ko mai ƙosai babu. Da ƙyar muka samu shayi da burodi a wani lungu.

Da aka buɗe, na je dab da zanen nata, gabana ya faɗi. Dabbare-dabbaren fenti ne kawai, shuɗi, ruwan toka, ɗan ja. Na ce a raina, yau an gama.

Baba, wanda idonsa ya fara rauni, bai matso ba. Daga bakin ƙofa ya tsaya, ya daɗe.

"Binuwai ne," ya ce. "Da sassafe, kafin rana ta ɗaga. Ga kwalekwale can, mutum ɗaya a ciki."

Na ja da baya. Sai ga ruwa yana ƙyalli, kamar yana tafiya. A bakin kogin nan Baba ya girma. Ita kuwa sau ɗaya aka taɓa kai ta, tana goye.

Ƙanwata tana tsaye a gefe. Ya juya ya ce, "Wa ya gaya miki ruwa yana yin ja haka?"

"Kai ne, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya koma kallonsa.

Da azahar muka dawo Lugbe, mu uku. Na koyi cewa wani abin, in ka manne masa, ba ka ganinsa sai ka ba shi fili. Muna shiga gida, Baba ko hula bai cire ba, ya hau auna bangon falo da taƙi, yana neman wurin rataye zanen.