Ɗan aiken da ke tsayawa a zaure

Ku cinka min wannan, jikokina na Fesbuk: wane ɗan aike ne in ya shiga sabon gida yake kai ka har uwar ɗaka, in tsohon gida ne ya ajiye ka a zaure ya gudu?

Jiya na tarar da jikata Hajara tana kuka a gindin murhu. Ta nemi makarantar koyon aikin jinya, sai kawunta na Kaduna ya turo linkin jerin sunayen waɗanda aka ɗauka, ya ce da an taɓa zai dira kan sunanta, an shafa masa kala.

Ubanta Tanimu, ɗan cikina, ya taɓa a tsohuwar wayarsa mai ɗaurin kyauro. Ya ga saman shafi kawai, babu kala. Nan take ya yanke hukunci wai ta faɗi, ta shirya komawa ƙauyenmu Gayam roron gyaɗa.

Na ce, "Miƙo wayar nan."

Ya ce, "Haba Inna, ke da kika tsaya a aji huɗu?"

Na ce, "To Injiniya, ko a aji huɗun ba a leƙa saman faifai a ce wake ba tsakuwa."

Na yi ta jan shafin da babban yatsa har ya ƙage. Sai ga sunan Hajara Tanimu ɓaro-ɓaro can ƙasa! Gogan naku sai sosa ƙeya, wai laifin sabis ne.

Ku faɗa min, gidanku ma akwai irin wannan injiniyan?

Ɗan aiken dai linki ne. Sabuwar burauza, wato manhajar buɗe shafin intanet a waya, tana kai ka kan layin da aka nufa, tsohuwa kuwa a saman shafi take sauke ka.