Ƙwaryar da Aka Kai wa Matan Tsamiya

A shekarun da Turawa ke haramar barin ƙasar nan, kakarmu Iya Dije takan tara mu a gindin murhu bayan sallar isha'i, a gidanmu na Ƙafin Maiyaki. Wani dare sai ta ajiye tatsuniyoyin dabbobi.

Mahaifiyata na da tsohon ciki a lokacin, ga ta baƙuwa daga Doguwa, babu danginta kusa. Da hantsin ranar ta aika wa Matan Tsamiya ƙwaryar gumba tana neman shiga cikinsu. Su ne matan da ke kaɗi tare ran Alhamis, kuma su ke tsayawa kan haihuwar junansu da dafa ruwan jego. In sun karɓi mace, ƙwaryarta takan dawo a wanke. In sun ƙi ta, ta dawo cike. Tamu ba ta dawo ba.

Iya ta ce a wata shekarar yunwa aka kafa su. Wata mata ta haihu ita kaɗai a ƙarƙashin tsamiya, maƙwabta suka haɗa ɗan geron da ya rage musu, suka daka mata gumba gaya. Daga nan suka yi alkawari: ba a shigo musu da namiji, ba a fitar da zancensu, ba a kuma kai musu gumba mai zaƙi, domin yin alfahari ne a gaban wadda ba ta da abin zaƙin.

Mahaifiyata ta dakatar da mazarinta. Cikin sanyin murya ta ce, "Iya, ai na zuba zuma. Na ɗauka girmamawa ce."

Iya ta daɗe tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara, sannan ta ce, "'Yar nan, da kin tambaye ni." Ba ta ƙarasa labarin ba, mu ma ba mu roƙa ba.

Washegari ƙwaryar ta dawo a wanke, da saƙon shugabarsu cewa baƙuwa ba ta san dokar gari ba, amma kada a maimaita. Su suka karɓi haihuwar ƙanena.

Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin labarin afuwa. Yanzu kuwa hankalina ya fi komawa ga matan da ƙwaryarsu ta dawo cike. Iya ba ta taɓa faɗa mana wanda ya dafa musu ruwa ba.