Barcin Alhaji Buba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan, ko kokon da aka ajiye mini ban taɓa ba, babban ɗan Alhaji Buba ya kira ni a waya ya ce babansu ya rasu. An tashe shi sallar asuba bai tashi ba.

Na ce ya maimaita. Ya maimaita.

Ga wanda bai san shi ba, Alhaji Buba dillalin shanu ne a Gamboru, Bafulatani, ƙaton mutum mai kaurin wuya da sanyin murya. Ni kuwa Babarbare ne, tsohon sufeton makarantu. Kowa ya san abin da ke tsakanin Barebari da Fulani, wato wasa. A majalisarmu ta gindin darbejiya a Hausari, "bawana" yake ce mini, ni ma haka nake ce masa, kuma har ya koma ga Allah ba a tantance ubangidan ba.

Masu ta'aziyya za su faɗi alherinsa, kuma gaskiya za su faɗa. Lokacin da iyalan ƙanena suka gudo daga ƙauye da kayan jikinsu kawai, shi ya kwashe buhunan dusa daga ɗakunan bayan gidansa ya ce su shiga. Da na je godiya, cewa ya yi ba a gode wa ubangida don ya rufa wa bayinsa asiri.

Abin da zan faɗa daban ne. Na yi shekaru ina ƙyashin mutumin nan, a fili, majalisa duka ta sani. Ba shanunsa ne suka tsone mini ido ba. Barcinsa ne.

Wanda ya zauna a Maiduguri a shekarun nan ya san barci ya zama kayan gabas. Nawa ya ƙaura tun fashewar bam ta farko da ta girgiza tagogin gidana. Nakan kwanta a kan lokaci, kamar yadda na saba yin komai a kan lokaci, in yi addu'o'ina, in rufe ido, sai kunne ya ƙi rufuwa. Gari ya waye kaina kamar an cika shi da yashi, ina faɗa da jikoki a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Sai in fito majalisa in tarar da Alhaji Buba.

Yakan ɗauko labari, ya kai tsakiya, haɓarsa ta sauka a ƙirji. Ya yi barci a cikin keke tsakanin Gamboru da Hausari. Ya yi barci a layin shingen sojoji da rana tsaka. Wata rana aka ji harbi ta wajen kasuwa, muka watse, har da mai barin takalmi. Da ƙura ta lafa muka dawo, muka same shi inda muka bar shi yana minshari.

Daga ranar sunansa ya bazu a gari. Mutane suka ce wannan shi ne tawakkali. Limamin unguwarmu ma ya taɓa buga misali da shi, wai wanda zuciyarsa ke wanke ba ya rasa barci. Ina sahun gaba da jajayen idanuna. Na gane matsayin da aka ajiye ni.

Shi ma bai raga mini ba. Yakan aiko mini da kindirmo, tare da saƙon in sha ko Allah zai sa in dace, wai boko ne ya cika mini kai har barci ya rasa wurin zama.

Kindirmon yana da kyau. Bai yi aiki ba.

Da ƙwayoyin kemis suka bar ni da jiri, na haƙura na tafi asibiti. Likitar sa'ar 'yata ce, amma ta san aikinta. Ta yi mini tambayoyi masu tsari, sannan ta ce nawa rashin barci ne irin wanda fargaba ke haifarwa, ɗabi'a kuma ta raine shi. Ta hana ni shayi bayan la'asar, ta hana ni kwanciya da rediyo a kunne, ta hana ni ramuwar barci da rana, ƙwayoyin kuma ta ce za mu janye su sannu a hankali. Wato duk abin da ya rage mini na jin daɗi.

Cikin takaici na ce mata akwai wani Bafulatani da bai kiyaye ko ɗaya daga cikin dokokin nan ba, amma ko a tsaye yana iya barci. Na zaci dariya za ta yi. Sai ta ajiye biro. Ta tambaye ni ko minsharinsa na da ƙarfi, ko numfashinsa kan ɗauke sannan ya dawo da shaƙewa, ko yana da ƙiba da hawan jini, ko yana kukan ciwon kai da safe. Ban yi tuntuɓe a ko ɗaya ba, domin na san barcin nan fiye da mai shi.

Ta ce ga dukkan alamu hanyar numfashinsa ce ke toshewa idan ya kwanta, jiki ya yi ta farkawa bai sani ba, shi ya sa barci ke kada shi da rana. Ta ce abin yana wahalar da zuciya. A kawo shi a auna numfashinsa yana barci. Akwai magani, tun daga rage ƙiba da kwanciya ta gefe har zuwa wata na'ura mai tura iska ta hanci.

Har a asibitin ma ya fi ni. Ni da na zo an sallame ni da dokoki, shi da bai zo ba aka ajiye wa biro.

Washegari na zayyana masa bayanin a majalisa, dalla-dalla, ban ƙara ba ban rage ba. Majalisa ta tuntsire da dariya. Wani ya ce Babarbare ya rasa yadda zai yi da barcin Bafulatani, shi ne ya je asibiti ya samo masa cuta. Alhaji Buba ya share hawayen dariya da hannun riga.

"Bawana, wannan karon ka yi ƙoƙari. Na'ura, a garin da babu wuta?"

Na bi shi gida, aka ce wasa ne. Na sami ɗansa, ya ce Baba Sufeto ba ya gajiya da tsokana. Na gaisa da matarsa Hajiya ta bayan labule, ta tabbatar mini numfashin yana ɗaukewa har takan girgiza shi, amma ta ce haka mazan danginsa suke. Al'adar da ta ba ni lasisin faɗa masa kowace irin magana, ita ce ta hana a ɗauki wannan da gaske.

Ganinmu na ƙarshe shekaranjiya ne, bayan an sauko Juma'a. Jama'a sun watse, saura mu biyu a kan tabarma. Ya ɗan gyangyaɗa, numfashin ya tsaya, ina kallon ƙirjinsa yana kokawa, sannan ya farka a shaƙe yana lalubar hularsa.

Ni ba mai rantsuwa ba ne. A ganina maganar dattijo ta isa. Ranar na rantse masa da Allah cewa ba wasa nake yi ba.

Ya sa hularsa, sannan ya ce:

"Sufeto, kai aƙalla ka san ba ka yi barci ba. Ni kullum ce mini ake yi na yi."

Ya ce ya manta rabon da ya tashi da safe ya ji ya huta. Ya ce amma yaya zai faɗa wa mutanen da ke dubansa suna samun ƙarfin zuciya? Muka tsayar da Litinin za mu tafi asibiti tare, bisa sharaɗin ni zan riƙe masa jaka, kamar yadda ya dace da bawa.

Gobe ce Litinin ɗin.

Ba na cewa asibiti zai ƙara masa kwana. Ajali ba ya karɓar uzuri. Ƙyashin ma bai tafi ba, wuri kawai ya sake. Ni na cika gari da kukan gajiyata. Shi ya ɗauki wadda ta fi tawa bai ce komai ba, har muna aron natsuwa a wurinsa. Yanzu na dawo daga ƙofar gidansa, layin ya cika har bakin titi.

Duk mai irin wannan minsharin a gida, ya kai shi a duba shi, ko da abokin wasa ne ya kawo maganar.

Ya Allah Ka gafarta wa bawanKa Buba, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba shi hutun da muka zaci ya samu a duniya. Ka ba Hajiya da 'ya'yanta haƙuri, Ka zaunar mana da garin nan lafiya.

Za a yi jana'iza bayan azahar. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa kada ya tsaya ga rubuta "amin" kawai. Ya ajiye wayar, ya ɗaga hannu, ya roƙa masa rahama da sunansa.